Abin da Ba Gansakuka Ba

Shekarar da aka kai ni Faransa gyaran ido, jirgi ya sauke ni Paris, jikata ta ɗauko ni zuwa ɗakinta a Villeurbanne, gefen Lyon. Da magana a bakina na zo. Uwarta ta ce in komo da ita gida, don an ji shekara da shekaru tana lakwal, wato makarantar boko, ashe gansakuka take karantu. Gansakuka fa! Koren nan da muke turewa da gindin ƙwarya kafin mu ɗebi ruwa a tabki. Yarinyar kuwa ta rantse ba za ta ci gaba ba sai na sa albarka.

Na ce, "Ke, da kin faɗa, ai da na ciko miki buhu daga bayan gari."

Ta ce, "Tsohuwa, bari a kwance miki ido tukuna, sannan ki yi faɗan."

Da aka yi aikin aka kwance, ta kai ni wurin aikinta, ta zaunar da ni gaban talabijin. Ta ce wani tabki ne cikin duwatsu, sun zura abin ɗaukar hoto da igiya. Muka yi ta sauka. Ruwa ya yi shuɗi, ya yi toka, ya koma kamar cikin randa. Na tambayi zurfi, ta ce igiyar rijiyarmu ba ta kaiwa. Sai fitilar abin ɗaukar hoton ta haska.

Gona ce. Wallahi gona, shimfiɗe, kore shar, ganye ƙanana a jere kamar sabon kitso. Ba saiwa, ba fure. Ta ce ɗan hasken da ke isa can da shi suke rayuwa cikin sanyi, a hankali, a hankali. Ba wanda ya shuka, ba wanda ya nome. Sai ga idona, sabon gyara, a kansu.

Can na ce, "Wa ya san da su?"

Ta ce, "Mai su. Sai mu, kwanan nan. Na rasa sunansu da Hausa ne, Kaka, na ce gansakuka."

Nan na dafa kanta na sa albarka.

Da uwarta ta kira a waya ta ce, "Inna, kin shawo kanta?"

Na ce, "Ƙyale ta. Abin da take kallo, ba mu raɗa masa suna ba tukuna."