Turken Gaji

Wutar da kakata ke mana tatsuniya a bakinta wutar banda ce. A Fantamiri, bakin Tafkin Cadi, da an idar da magariba Kaka Falmata za ta jera tarwaɗa a kan waya, ta zauna tana juyawa, mu jikoki muna gefe hayaƙi na sa mu hawaye. Ba mai tashi.

"Ku matso," in ji ta, da Hausarta mai ƙamshin Barbarci, "ga ta nan tafe da laka a ƙafa."

Garinmu ba ya zama wuri ɗaya. In ruwa ya ja baya, sai a kwashe zana da itacen ɗaki a bi shi, a kafa sabon gari, a sa masa sunan tsohon. Fantamirin da aka haife ni daban yake da wanda aka haifi ubana.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta Gaji masunci. Ya kafa turke a bakin ruwa, ya ɗaure kwalekwalensa, ya tafi fatauci. Da ya dawo, ruwa ya tafi, mutane sun bi shi, kwalekwale na zaune a kan busasshiyar laka. Aka aiko masa ya taho. Ya ce sam, nan ne bakin ruwa, da hannunsa ya kafa turken. Ya zauna jira har ciyawa ta tsiro cikin kwalekwalen, akuya ta haihu a ciki.

"Wawa ne ko ba wawa ba?"

"Wawa ne, Kaka!"

"To ku ci kifi. Tatsuniya ta faɗa wuta ta ƙone."

Kaka ta rasu kafin rikicin nan, kabarinta na can. Mu kuma aka koro mu. Matata da yara suka faɗa Nijar wajen danginta, ni na samu ɗaki ɗaya a birni, unguwar Maisandari, ina tuƙa keke mai ƙafa uku. Sakandare ma da ƙyar na gama, amma da furfurata na shiga wata ƙaramar kwaleji ina karanta jogirafi, wato labarin ƙasa. Dalili? Na ga taswira a bangon wani ofis: tafki shuɗi cike fal, babu Fantamiri, ko ɗigo. Na ce ni zan sa shi.

Yaran ajin "Baba" suke ce mini. Ba wanda ke zama kusa da ni sai ranar jarrabawa. Na daure har shekarar ƙarshe, na ce bincikena a kan duk wuraren da garinmu ya taɓa zama zan yi. Dole kuwa sai mutum ya taka wurin da ƙafarsa.

"Malam Modu," in ji malamin da ke duba aikina, "soja sun rufe hanyar nan. Ka rubuta a kan magudanan ruwa na unguwar Moduganari, ka karɓi takardarka."

"Dokta, ban ajiye keke na zo nan don in auna kwata ba."

"Kwatar ce za ta ba ka digiri."

Na ce zan jira a buɗe hanya. Wa'adina ya ƙare, aka cire sunana. Kwanaki wata 'yar ajinmu, yanzu malama ce, ta hau kekena zuwa Jiddari Polo. Ta leƙo ta ce, "Baba Fantamiri! An buɗe hanyar?" Ta yi dariya. Na ce mata ba na hira da fasinja.

Na san abin da Kaka ke nufi: ka bi ruwa. Mutanenmu sun bi, wasu Legas, wasu sansanin gudun hijira. Sai dai wannan karon ba wanda ya ɗauki sunan garin ya tafi da shi. In Gaji ma ya tashi, wa zai nuna inda bakin ruwan yake? Wa zai nuna inda Kaka take kwance?

Abin da ke ci mini rai shi ne, ba ta taɓa faɗa mana ko ruwan ya dawo wa Gaji ba. Mu kuma kifi ya cika mana baki, ba wanda ya tambaya.