Hammar Kawu Famfo

Kawuna mai gyaran famfo ne, kuma tun tasowata ban taɓa jin an kira shi da wani suna ba sai Kawu Famfo. A idonsa duniya gaba ɗaya bututu ce. In ka ce cikinka na ciwo, ya ce wani wuri ne ya toshe. In miji da mata sun saɓa, ya ce haɗin ne ya kwance. Yana da wata doguwar sandar ƙarfe da yake kafawa a jikin bango, ya manna ɗaya bakin a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido, sai ya nuna maka daidai inda ruwa ke yoyo a ciki.

Matarsa, Inna, a da in ta yi magana a kicin har bakin titi ake ji. Aka yi mata aikin maƙoƙo, ta dawo gida da 'yar murya kamar mai raɗa. Sai kuma ga kunnuwan Kawu sun fara nauyi. Ita ba murya, shi ba kunne, kuma hirar nan tasu ta bayan la'asar ita ce abin da ya riƙe su tun suna da ƙuruciya.

Ni na raka shi asibiti, bayan ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Wai abin kunya ne a ce mai buɗe toshiya ya toshe. Likita ta nuna masa hoton kan mutum da aka tsaga biyu, ta ɗaga murya ta ce, "Baba, ka ga wannan siririyar hanyar? Daga bayan dodon kunne take sauka zuwa bayan hanci, saman maƙogwaro. Hamma ko haɗiyar yawu suna buɗe ta."

Kawu ya miƙe tsaye. "Bututu! Ashe shekara da shekaru da shi nake yawo!"

Likita ta ci gaba da bayanin cewa shi matsalarsa ba a nan take ba, wasu 'yan ƙananan ƙasusuwa ne a cikin kunnen suka ƙage, kuma akwai na'urar da za ta taimaka. Ina! Ta riga ta rage murya, shi kuma ya riga ya gama gane cutarsa.

Daga ranar, da Inna ta buɗe baki, sai Kawu ya wangale nasa. Hamma iya ƙarfinsa, har da hawaye. In ba ta isa ba ya toshe hanci ya kumbura kumatu. Har rufe ido yake, don ya tattara hankalinsa kan bututun. Inna tana ba shi labarin rasuwar ƙawarta, ya yi mata hamma a fuska. Na so in mutu don takaici, ga alkawari ya ɗaure ni.

Inna ba ta yi faɗa ba, da me za ta yi? Ta dai rage magana, ta sake ragewa, har ta daina. Shi kuwa da ya ji shiru sai ya ɗauka toshiyar ce ta ƙaru, ya ƙara himma. Ya koma yana hamma tun daga ƙofar gida, kafin ma ya yi sallama.

Wata safiya na shigo na tarar ta haɗa jaka. Ta raɗa mini, "Gidan yayana zan je. Ya gaji da ni, 'yar nan. Tun da muryata ta lalace ko saurarona ba ya iya yi."

Na juya na kurma ihu a kunnensa, "Kawu, tafiya za ta yi! Ko ka faɗa ko in faɗa!"

Ya dubi jakar, ya dube ta. Bakinsa ya fara buɗewa don sabo, ya yi maza ya rufe shi da hannu. Sai ya fita, ya dawo da sandar ƙarfen nan, ya goge bakinta da rigarsa. Ya ɗora shi a hankali a ƙasan wuyan Inna, gefen tabon ɗinki, ya manna ɗaya bakin a bayan kunnensa, ya lumshe ido.

"Ba na ji ne," ya ce. "Na daɗe ba na ji. Yi magana ta nan."

Inna ta tsaya da sanda a wuya, jaka a hannu.

"Malam," ta ce, "ashe ba gajiya ka yi ba?"

Na ga kafaɗunsa sun girgiza. Bai buɗe ido ba.

"Sake faɗa," ya ce. "Na ji sarai. Sake faɗa dai."