Gurbin da Kaji Suka Ƙi

Yayana kafinta ne. Inci ake ce masa a unguwa, domin ko gaisawa kuke yi idonsa na auna ƙofar gidanka. Bai yi suna da gado ko kujera ba, da akwatunan ƙwai ya yi suna, wato gurbin da kaza ke shiga ta saka ƙwai. Nasa a kan ƙafafu suke, daidai ƙugun mutum. Ƙasan kowanne ana zaro shi kamar durowa, a kakkaɓe tsohuwar dussar katako, a wanke, a shanya, a mayar. Rufin a karkace yake don kada kaza ta hau ta kwana tana ɓata shi da kashi. In yana yi wa mai saye bayani sai ka rantse wa'azi yake yi.

"Duk tsabtar da sai an durƙusa ake yinta ba ta ɗorewa," haka yake faɗa musu, yana buga katakon da ɗan yatsa.

To, ka shiga bayan gidansa ka ga abin kunya. Matarsa, wadda ni nake ce wa Anti, ta fara kiwon kaji tun kafin su yi ɗan fari, kuma gurbin da ya haɗa mata a lokacin da guntayen katako shi ne dai har suka aurar da 'ya'ya. A ƙasa yake, an kafe shi da bango, ga zurfi ga ƙaramin baki. Kafin ta share shi sai ta sa gwiwa a ƙasa, ta zura hannu har kafaɗa, ta kankare busasshen kashi da guntun kwano, ƙuma na bin hannunta. Kullum. Ni na sha yi masa tsiya a kai, ita kuwa sau ɗaya take tuna masa a shekara.

"Baban yara, akwatunan nan fa."

"Bari in gama na mutane."

Na mutane bai taɓa ƙarewa ba. Bayan Anti ne ya ƙare. Wata safiya ta durƙusa ta kasa miƙewa, sai da maƙwabta suka ɗago ta. A asibiti likita ya ce ta yi sallama da sunkuyo in tana son ci gaba da tafiya da ƙafafunta. Babban ɗansu bai ɓata lokaci ba, ya ce a sayar da kajin. Anti ba ta yi kuka don bayanta ba, amma da ta ji wannan sai ta juya fuska ga bango. Kowace kaza a akurkin nan ta san uwarta da kakarta.

Yaya ya tsaya a bakin gadon kamar wanda aka kama da kayan sata. Ban taɓa ganin kunya ta cinye mutum haka ba, kuma gaskiya ban tausaya masa ba a ranar. Ya ce wa ɗan a ba shi lokaci kafin a sallame ta. Ya rufe shago, ya mayar wa mutane ayyukansu, ya ɓalle tsohon gurbin ya ƙone shi. Ya zauna ya ƙera mafi kyawun akwatunan da hannunsa ya taɓa yi, ya shafa musu farin fenti, ya jera su suna kallon ƙofa don ta ga kowane ƙwai daga tsaye.

Abin da bai lissafa ba shi ne kajin kansu. Masu sayen kayansa 'yan gona ne, kajinsu tun ba su fara ƙwai ba suke ganin irin wannan akwati. Na Anti tsofaffi ne, a ƙasa suka saba, cikin duhu. Sabo turken wawa: suka kalli fadar da aka gina musu, suka shaƙi warin fenti, suka zarce ƙarƙashin tulin katakon da ke bayan akurki suka riƙa zuba ƙwai cikin taɓo.

Bayan Anti ta dawo gida, na je da sassafe in kai mata magani, sai na tarar da ƙafafun wani mutum sun leƙo daga ƙarƙashin tulin. Yaya ne, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa, yana rarrafe da baya, rigarsa cike da ƙwai. Ya kai su bakin famfo, ya wanke su tas da sabulu, ya jera su a sababbin akwatunan.

"Yaya, mene ne haka?"

"Ki rufa min asiri. In babban ɗanmu ya ji ba sa shiga, gobe zai kawo mai saye. Za su saba."

Anti ta fito tana dogara sanda, ta kwashi ƙwai a tsaye, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baban yara." Shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita.

Kafinta ya san katako, bai san ƙwai ba. Anti ba ta taɓa sa wa ƙwai ruwa ba, da busasshen tsumma take goge shi, domin ƙwan da ya sha wanka ba ya jimawa. Ba a daɗe ba mai shayin bakin titi, wanda ya yi shekara da shekaru yana saye a wurinta, ya yi sallama da kiret a hannu. Cikin ladabi ya ce ya fasa guda a gaban mutane, wari ya tashe su daga benci. Anti ta ɗauki ɗaya, ta shafa shi da babban yatsa, ta shinshina. Ta ba shi haƙuri, ta sallame shi. Ina wurin, Yaya na tsugune a gefe yana ta gyara ƙusar da ba ta lalace ba.

"Baban yara, sabulu ka sa musu?"

"Ni na jawo miki duk wannan," in ji shi. "Aikin yini guda ne fa. Yini guda, na yi wa duk duniya ban yi miki ba. Ki ƙara min lokaci, zan sauke su ƙasa kaɗan, in kankare fentin, in sa musu labule."

"Tun ranar farko nake kallonka ta taga," in ji ta. "Na yi shiru ne don na ga kana son ka biya. Jiya sai da ka dafa bango kafin ka miƙe. In kai ma ka kwanta, wa zai ɗaga wani a gidan nan?"

Ita da kanta ta aika aka kira mai sayen kaji. Tana tsaye da sandarta aka ɗaure musu ƙafafu, tana faɗa masa wadda ke da faɗa da wadda ke son kwanci, kamar zai riƙe su ne.

Akwatunan suna nan a bayan gida. An taya su ya fi a ƙirga, Yaya ya ƙi sayarwa. Duk mako sai ya zaro durowoyin ya canza dussar katako, ko da yake ko gashin kaza ɗaya bai taɓa faɗawa ciki ba.