Hoton da Lantana ba ta ɗauka ba

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Lantana, Allah Ya jiƙanta. Ƙawata ce, amma Yaya take ce min don na girme ta sosai. Tare muka yi aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kullum da safe mu hau jirgin ruwa a St. George mu ƙetara Manhattan, nan New York.

Wani tsoho da ta yi jinya ne ya koya mata ɗaukar hoton tsuntsaye. Da ya mutu 'ya'yansa suka bar mata kyamararsa. A cikin tsuntsayen duka filamingo ne ya shiga ranta. Ga wanda bai san shi ba, dogo ne, ƙafa kamar sillen kara, launinsa ruwan hoda, yana cin abinci da kai a kife cikin ruwa. Akwai su a gidan zu na Bronx, amma ta ce wanda aka killace ba ya cikin lissafi. Sai ta tara hutunta ta bi su inda suke. A wajen suna ko biki mata su tsokane ta: "Hajiya, mutane na zuwa Umara, ke kina zuwa gaida tsuntsu?" Ta ce, "Umara na je. Ku kun taɓa zama awa biyu ba ku yi gulma ba?"

Hoto ɗaya take nema. Wai akwai lokacin da suke jeruwa su miƙe wuya, su dinga juya kai dama da hagu tare kamar an ba su umarni. Shekara shida tana binsa. 'Yarta Zainab ta yi imani uwar ta samu wannan hoto a tafiyarta ta ƙarshe, tun rasuwar take bincike a katunan kyamara da tsohuwar kwamfuta. Watan jiya ma ta kai wani kati wajen mai gyara. Saboda ita nake rubutun nan.

Ni na raka Lantana wannan tafiya, wani ƙauyen masunta a Meksiko mai tafkin gishiri. Ta kafa min doka uku. Ban da atamfa mai haske, ban da surutu, waya kuma a bar ta a masauki. Biyun na bi. Wayar na soke ta a lalitata, don ni ban yarda da masauki ba.

Kwana biyu muna zaune a kwale-kwale, sauro na ci, ba komai sai kiwo suke. Rana ta uku da yamma suka fara taruwa kusa da mu. Na ga wuyoyin sun miƙe. Lantana ta ɗaga kyamara a hankali, ko numfashinta ba na ji. Nan wayata ta kwarara kiran sallar La'asar, da ƙarfinta duka. A lokacin ban iya karatu ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Na ciro ta ina ta danne-danne, ban san wane rubutu ne ke cewa a kashe ba. Kafin ladan ya kai shahada ruwan ya zama fayau, duk sun tashi.

Mai kwale-kwalen ya dafe kai. Lantana ta sauke kyamara, ta jira kiran ya ƙare, ta yi addu'ar bayansa. Sannan ta ce, "To Yaya, ai sai a kai mu tudu mu yi sallar." Ba ta ƙara tada maganar ba. Da muka sauka New York Zainab ta tare mu da Turancinta, ko Mama ta samu? Lantana ta ce, "Abin da aka rubuta min na samu." Yarinya ta ɗauka e ne. Ina tsaye a wajen, na yi shiru. Lantana ba ta sake tafiya ba, ciwo ya kwantar da ita kafin wani hutun.

Shekarun baya kaɗan wani filamingo guda ya ɓato hanya ya sauka a wani tafki can ƙarshen tsibirin Long Island. Na ga mutane a talabijin sun yi dafifi, kowa ya ɗaga waya. Da Lantana na nan da ta je, amma na san can baya za ta zauna, kuma sai ta yi faɗa da masu matsawa kusa. Yanzu kuma an ce kwamfuta na ƙera maka hoton duk abin da ka faɗa mata. Wannan ban san me za ta ce ba. Ina jin tsaki kawai za ta yi.

Abin da ta bari ba shi da yawa. Akwai hotuna cike da akwati biyu, wasu masu kyau, da yawa tsuntsu ne ya ba da baya. Akwai mata uku ko huɗu a unguwar Port Richmond da yanzu suke ɗaga kai in tsuntsu ya wuce. Akwai kuma rufin asirin da ta yi min, wanda ya ci wa 'yarta shekara takwas. Ita alheri ta yi. Shirun da ya biyo baya nawa ne.

Zainab, ki karɓo katin nan daga wajen mai gyara. Hoton babu shi. Uwarki ta gan su da idonta sun jeru, daƙiƙa kaɗan, ni ma na gani. In kina son jin yadda abin yake, ki zo gida ranar Lahadi in ba ki labari.