Harsashin da ba ya ihu

Shekarun baya, ina Year 7, ajin farko na sakandare, Baba ya fara tafiya da ni kulob ɗinsu na harbi ranar Asabar. Wani dogon ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, kusa da Woolwich, mai warin mai da danshi. Mutum zai kwanta rub da ciki a kan tabarma, ya saita ƙaramar bindiga, ya harbi baƙin ɗigo a jikin takarda. Baba direban bas ne, a duk mako ranar kaɗai nake samunsa.

Matsalata ƙara. Ko da abin toshe kunne, kafin in ja kunama sai in runtse ido, kafaɗata ta zabura. Takardata kan dawo fara tas, kamar a mayar da ita shago.

Harsasai iri biyu ake sayarwa a wurin. Akwai mai gudu, mai tsage iska da ƙara kamar bulala, akwai kuma mai tafiya a hankali, wanda "tup" kawai yake yi. Baba mai ƙarar yake saye. Kakana maharbi ne a ƙauyensu, kuma a can da amo ake auna bindiga. In ba ta girgiza gari ba, sanda ce.

Wata Asabar a bas Baba ya ce, "Uwata, in abin yana wahalar da ke, ki riƙa zama gida da Mama. Ba dole."

Na ce, "It's fine, Baba," na juya wajen taga don kada ya ga idona.

Da muka isa, na bi shi wajen kantar sayar da harsasai, abin da ban taɓa yi ba. Sai kawai na ɗora yatsa a kan kwalin marasa ƙarar.

Abokin Baba, wani ɗan Jos, ya fashe da dariya. "Malam, yau na 'yan mata za ka saya? In kakanta ya ji fa?"

Baba ya dube ni. Sannan ya ce, "Kakanta ba ya nan. Mai kanta, ba mu kwali biyu, har da nawa."

Ranar na ga harbina da idona. Ban sami ɗigon ba, gaskiya, can gefen takarda na huda. Amma Baba ya ɗaga ta sama yana nuna wa Turawa kamar kofi na ciyo. Bai sake maganar zaman gida ba.

Bara ya koma Nijeriya jinyar kakata, har yanzu bai dawo ba. Yara ba sa shiga kulob ɗin sai da babba, Mama kuwa ko sunan bindiga ba ta so. A waya duk mu biyun ba mu iya hira ba, daga ya karatu sai ya sanyi. Can a kan tabarma ba ma buƙatar magana. In na kashe wayar, sai in daɗe riƙe da ita.