Maɓalli Biyu da Gaisuwar Inna

Ina tsaka da buga wa wani ɗalibi takarda a shagona na Rijiyar Zaki, sai ga kiran Inna daga ƙauyenmu can gefen Bici. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Sani, wai ciwo kake min fata ne?"

Akwai wata manhaja da na sa a kwamfuta, in ka danna maɓalli biyu tare sai ta zubo maka rubutun da ka ajiye. Da Inna ta yi zazzaɓi da damina, sai na ajiye gaisuwa guda: ina kwana, ya jikin Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Kuɗin mota ya hana ni zuwa gida, don haka kullum ita nake tura wa yayana Habu ya karanta mata.

Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Tun kafin a yanke gero na warke, ga shi har an zuba a rumbu. Habu kuma a ƙofar gida yake karantawa, jiya har dubiya aka zo min da kunu. Mai son sanin jikina zuwa yake ya gani."

Na goge gaisuwar. Juma'a zan hau mota, ko nawa ne.

Ku fa, yaushe rabonku da gida?