Yatsu Uku na Kakana

Wata Laraba da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, garken dinya, manyan agwagin daji, ya sauka a gonar shinkafarmu da ke fadamar Wurogauri. Ina kan rumfar tsaro ina kaɗa gwangwani, tsuntsayen ko a jikinsu. Sai ga Kawu Ummaru, ƙanen mahaifiyata, ya taho da bindigar tokar kakana a kafaɗa, yana huci.

Kakana maharbi ne, amma a lokacin idonsa ya fara rauni, shi ya sa na zame masa ido. Duk yamma, bayan na ɗebo ruwa na ɗaure awaki, nakan zauna gefen tabarmarsa ina kallon yadda yake zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya saka harsashi, sannan ya danna da sandar ɗuri har komai ya zauna. Daga nan sai ya jera yatsunsa a jikin sandar da ta rage a waje. "Uku ɗai," yakan ce. "In ta wuce uku, ko harsashi ya maƙale ko ɗuri ya yi yawa, kuma hannu za ta ci." Yatsunsa kauri gare su kamar rogo, ukunsa huɗuna ne cif. Na ji daɗin wannan sirri fiye da wasan gaɗa.

Ranar, Kawu ya tsuguna ya ɗura cikin gaggawa. Da na sauko na ɗora yatsuna a sandar, sai na ga huɗuna sun ƙare, ga saura kusan uku. Na san Kawu ba ya son gyara ko daga manya.

Na ce, "Kawu, ta yi yawa."

Ya ce, "Ke ɗiyag ga, mi kis sani ga bindiga? Kauce."

Ban kauce ba. Na riƙe sandar gam ina kuka, dinya kuwa suna ta cin rabonsu. Don dai ya kunyata ni, ya kwashe ɗurin a gabana, sai ga harsashi biyu da albarushi kashi biyu. Kawu ya daɗe yana duban hannunsa na dama.

Da muka koma gida, Kaka ya saurari labarin. Sai ya ce, "Ni na ɗura ta da sahe, na mance." Ya shafa bindigar, ya miƙa wa Kawu, bai sake karɓarta ba har ya bar duniya.

Yanzu ina koyarwa a Gwandu, Kawu ya tsufa, da hannun nan yake dama wa jikokinsa fura. 'Yan banga na wucewa da harsashin kanti, wanda ba ya bukatar awon kowa. Ya fi sauƙi, na sani, amma ina kewar tabarmar nan. Har yau ban manta da fuskar Kaka ba a ranar da ya gane lokacinsa ya wuce.